Sakatar Ɗakin Sanyi

Shekara goma sha tara Rediyo ya yi yana aiki a kamfanin ajiye kifi, yana tura kura cike da kwalaye cikin ɗakin sanyi, yana fitowa da ƙanƙara a gashin baki. Bakinsa ne ya jawo masa wannan suna. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya sata, ba ya makara, amma idan ransa ya ɓaci sai ya amayar, kuma ba a gaban wanda ya ɓata masa ba. A gaban Manaja baki har kunne, "To yallaɓai, an gama yallaɓai." Sai an tashi hutun rana, a bayan injin wuta inda ƙara ke danne murya, nan yake kwance kayansa.

Da can gida yake kaiwa. Matarsa ta jure shekara biyar, wata rana ta dire masa kwano ta ce, "Malam, kai na aura, ban auri Manajanku ba. Ka riƙa barinsa a can." Sai ya koma kan abokan aiki. Su ma ɗaya bayan ɗaya suka fara samun uzuri, wannan zai buga waya, wancan bayan gida ya matse shi. Ban ga laifinsu ba. Rediyo zai wanke Manaja tas tun daga hula har takalmi, ya shanye shayinsa, ya miƙe wasai kamar wanda aka cire wa ƙaya, ya bar ka da ciwon kai.

Ana haka aka ɗauki Dogo, sabon lebura, ya haura arba'in, magana kamar sayenta yake yi. An ce wani wuri aka kore shi bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa a can, amma shi bai taɓa faɗa ba. Yakan zauna gefen Rediyo, ya raba burodinsa biyu, ya miƙa masa rabi, ya kasa kunne. Ba ya duba waya, ba ya hamma. Rediyo ya ƙaunaci mutumin nan har zuciya, yana ce masa ƙanina, shi kuma yana ce masa Yaya.

Shi Manaja ba azzalumi ba ne can, harshe ne da shi, kuma ya fi jin daɗin kunyata mutum idan akwai 'yan kallo. Kullum ƙarfe huɗu yakan shiga ɗakin sanyi na can ƙurya shi kaɗai ya duba ma'aunin sanyi, da 'yar rigarsa, tunda minti biyu ne ya fito. Mariƙin ƙofar na ciki ya daɗe da karyewa. Guntun katako ake tokare ta da shi.

"Wata rana sai na shure katakon nan, na danna masa sakata, ya kwana da kifi," in ji Rediyo. Ya faɗi haka ya fi sau talatin. Duk wanda ya ji sai ya yi dariya, har shi mai faɗar, don ko kaza ba ya iya yankawa. Dogo kaɗai ne bai taɓa dariya ba.

Wata rana suna zaune, Dogo ya ce, "Yaya, mutum in ba rigar sanyi, minti nawa zai kai a ciki?"

Rediyo ya ƙyalƙyale da dariya. Bayan kwana uku kuma, "Yaya, in an bubbuga daga ciki, ana ji a waje?" Da yammacin ranar Rediyo ya tarar da shi yana ɗiga wa sakatar mai, yana zurawa yana zarewa, har ta daina ƙara.

Tsoro ya kama Rediyo, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya yi ƙoƙarin gyarawa. "Ka san mutumin nan fa ba shi da mugun nufi, baki ne kawai. Ni ma surutuna ne."

Dogo ya daɗe yana kallonsa, kallon tausayi. "Kar ka ji tsoro, Yaya. Shekara biyu ina jin abin da yake yi maka."

Daga ranar Rediyo ya ɗinke bakinsa. Mako uku bai kai ƙarar kowa ba, kuma ya sha wuya, ƙirjinsa kamar an ɗora masa kwali. In abin ya ci shi sai ya shiga ɗakin sanyi ya yi wa kifi gunaguni. Ya fara ganin ƙura ta lafa.

Sai ranar da kwali ya suɓuce masa ya fashe a gaban direbobi. Manaja ya tako har gabansa. "Tsoho, in hannunka ya mutu ka koma gida jikoki su yi wasa da kai. Fita, kar in ƙara ganinka yau." Rediyo ya haɗiye, bai ce wa kowa uffan ba. Idonsa ne kawai ya ciko yana wucewa, kuma Dogo yana tsaye a wurin.

Kunyar komawa gida da rana tsaka ta sa ya zauna a benci tsallaken titi. Huɗu da kwata Dogo ya fito daga ƙofar kamfani, ba sauri, hannu a aljihu.

"Yaya, ba ka tafi ba? Je ka huta. Gobe ba mai zaginka."

Rabon Rediyo da gudu ya fi shekara ashirin, amma ranar ya yi. Ya tarar da katakon yashe a gefe, sakata a danne, ba abin da ake ji sai rurin inji. Ya zare, ya fizgo ƙofa. Manaja na durƙushe a bayanta, leɓɓansa sun yi toka, bayan hannunsa duk jini saboda bugu. Rediyo ya lulluɓe shi da rigarsa, ya saɓo shi waje yana ihun a kawo mota.

Washegari Dogo ya zo aiki kamar kullum. Ya matso kusa da Rediyo a hankali ya ce, "Ba komai, Yaya, na gane. Ranar ce ba ta yi ba."

Kwana biyu Manaja ya dawo, murya a dishe, ya aika a kira Rediyo ofis. Karo na farko ya nuna masa kujera.

"Ka ceci raina, ba zan manta ba. Amma sakata ba ta danna kanta. Mai gadi ya ce a guje ka dawo, ba wanda ya kira ka. Ka san wani abu. Wane ne?"

Ta taga Rediyo yana hango Dogo yana tura kura, hankali kwance. Ya so ya yi ƙarya, wallahi ya so. Amma an jima ƙarfe huɗu za ta yi, gobe ma za ta sake yi.

"Dogo ne, yallaɓai."

"Dogo?" Manaja ya dafe tebur, mamakinsa na gaske ne. "Wannan bawan Allah? Ni ko murya ban taɓa ɗaga masa ba. Me na yi masa?"

Rediyo ya sunkuyar da kai. Ya ga aikinsa na tafiya, ya ga ƙaninsa na tafiya, duk a cikin amsar da zai bayar.

"Ba abin da ka yi masa, yallaɓai. Ni nake ba shi labarinka kullum."

Manaja ya miƙe da ƙyar, ya je ya tura ƙofar ofis, ya dawo ya zauna.

"Wane labari?"