Takalma a Ƙofar Mai Tabarma

Mai Tabarma ta rasu! Ranar Talatar da ta wuce Allah Ya karɓi abinSa, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ita ce likitar da ke duba yaran da suka iso sansaninmu na 'yan gudun hijira. Yara suka laƙaba mata sunan, don ba ta zama kan kujera.

Likita, ni ne tsohon nan da ya zo miki da jikarsa, wadda nake tsokana da amaryata. Iyayenta a hanya suka rasu. Ranar da muka iso aka ɗora ta kan sikeli, aka haska bakinta da tocila, aka ce lafiyarta ƙalau. Ƙalau? Yarinyar da ba ta yarda a cire mata takalmi! Da shi take kwana, da shi take wanka, har tsakanin yatsunta ya yi gyambo. In an kai hannu, sai ta ƙwalla ƙara.

Ke kuwa ƙafarta kika fara kallo kafin fuskarta. Kika ce, "Baba, ƙyale ta. Jikinta ne ya iso, ita har yanzu gudu take." Kika tuɓe naki takalmin a bakin ƙofa, kika zauna kan tabarma kina ɗaura wa 'yar tsana zane, ba ki tambaye ta komai ba. Na ce, "Likita, ai raini ne, amarya ta taka shimfiɗar ango da takalmi." Kika yi dariya kika ce, "Ango, ƙara haƙuri. Ranar da ta yarda babu mai biyo ta, da kanta za ta cire."

To ga abin da ya sa na ɗauki biro, ni da sai da furfura ta fito na koyi riƙe shi a ajin yamma. Ƙasar kabarinki ba ta bushe ba, masu kula da sansanin suka naɗe tabarmarki, suka cika ɗakin da katifu, suka garƙama kwaɗo. Wai babu wurin ajiya. Wai duba yara a tsaye a layi ya fi sauri. Saurin zuwa ina? Cikin yaran da mota ta sauke shekaranjiya, na ga wanda ke faɗawa ƙarƙashin benci in an buga ƙofa. An auna shi, an ce lafiyarsa ƙalau, ya wuce. Haba jama'a, ku ji tsoron Allah! Me katifa ta gani a hanya, da za a ba ta ɗaki a bar yaran nan a rana?

Jiya da safe amaryata ta ja hannuna har ƙofarki. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Sai ta durƙusa ta kwance igiyar takalminta, ta ajiye shi daidai inda kike ajiye naki, ta tsaya tana jira. Likita, ta cire! Na yi dariya har hawaye suka jiƙa gemuna. Yaran da kika duba suka gani, suka zo suka jera nasu.

Allah Ya jiƙan ki da rahama, Ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sanyaya zukatan marayu. Maigidanki da 'ya'yanki, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana.

Ku kuma masu riƙe da mabuɗin, ba sai na yi dogon bayani ba. Takalman na nan a jere, masu su na tsaye ƙafa a ƙasa suna jiran a buɗe. Ku taho da kowa, ku zo ku gani.