Tagumin Tsoho Mai Ruwa

Tsoho mutumin Gumel ne. Ya iso Makka da ƙafa ta Sudan a 1934, ya kama sana'ar ɗiban ruwa. Garwa biyu a sanda, daga bazan, matattarar ruwan unguwar Utaibiyya, zuwa gidajen mutane. Bai taɓa faɗa da kowa ba. Sai dai wani sa'in yakan sauke garwa a tsakiyar lungu ya rafka tagumi, har sai matarsa Ramlatu ta zo ta dafa kafaɗarsa.

Maƙwabcinsa Yunus tela ya taɓa yi wa Turawa aiki a Bur Sudan. Wata la'asar ya ce masa, "Wallahi Turawa suna da kalma don irinka. Pensive suke cewa, mai zurfin tunani da ɗan baƙin ciki. Wani likita ya gaya mini asalinta daga yaren Rumawan dā ne, ma'anarta auna nauyi."



"Nauyi," in ji Tsoho. "Abin da mai jirgin ya ce ke nan."

Ranar ya ba Yunus labarin da ko Ramlatu ba ta sani ba. A gaɓar Sawakin, sun shiga ƙaramin jirgin katako za su ƙetare teku, sai mai jirgi ya ce an yi nauyi, dole mutum ɗaya ya sauka. Tsoho ya juya wurin ƙanensa Rabe ya ce, "Sauka, ka biyo jirgin gobe." Rabe bai yi musu ba. Ya tsaya cikin ruwa iya gwiwa, riƙe da butarsu, yana kallonsu. Tsoho ya jira shi wata biyu a Jidda, bai zo ba.

"Har yau in ruwa ya motsa a garwa, sai in ji kamar shi ne yake ratso ruwa a bayana."

Kowace shekara yakan bi masaukin sababbin alhazai yana tambayar labarin Rabe. A 1952 wata tsohuwa, Rakiya, ta ce ta san wani Rabe Bagumale a Gadarif ta Sudan, yana noman riɗi, 'ya'yansa biyar.

"Ya taɓa ambatona?" in ji Tsoho.

"Bai taɓa cewa yana da wa ba," in ji ta.

Tsoho ya sa aka rubuta wasiƙa, ya ba masu komawa. Amsa ba ta zo ba. Ya ci gaba da ɗiban ruwa har gwiwoyinsa suka gaza, ya rasu bayan aikin hajjin 1955, aka binne shi a maƙabartar Mu'alla.