Sun cire min koren Hamza

Cokali na hannuna, jikin Hamza kamar wuta, na buɗe shafin asibitinmu a waya, sai na ga komai ya koma fari fat!

Ni ban yi boko ba, ko wannan ma faɗa nake ana rubuta min. Ranar da nas ta buɗe min shafin, ni na zaɓi launi da kaina: kore na Hamza jaririna, ja na yayarsa Safiya. Kowa da hoton awon maganinsa. Duk biyun suna kan magani, yau kuma ba kore ba ja. In na ba jariri awon Safiya fa?

Na goya shi, na hau zemijan, wato acaɓa, har asibitin a unguwar Hanoukopé, ina kuka a hanya.

Mai kula da kwamfutarsu ya ce, “Madam, an sabunta shafin ne, an cire tsofaffin launuka. Ai ado ne kawai.”

Na ce, “Ado? Malam, kai suna kake karantawa, ni launi nake karantawa! Wa ya tambaye ni kafin a cire?”

Nas ta auna wa Hamza magani da hannunta, zazzaɓin ya sauka, alhamdulillahi. An sa min sababbin launuka a shafin, shuɗi da rawaya, amma wallahi yanzu duk buɗewa sai gabana ya faɗi.

Jama'a, in za su cire abin da mutum ya zaɓa, ko murya ba za su sa ta gaya masa ba? Ku faɗa min, ni ce da laifi?