Karatun da Ba a Rerawa

Duk sanda na ji ƙarar alli a jikin ƙofar kwano, Yayana nake tunawa. A Zongon Kwatano muka tashi, zamanin juyin juya hali, lokacin da kowa ya zama kamarad. Da damina, in ruwa ya hana fita, sai Yaya ya cika bayan ƙofarmu da jimlolin Ingilishi, yana ja musu layi, bakinsa a rufe.

Baffa ke riƙe da mu tun rasuwar mahaifinmu. Dillalin shanu ne da aka naɗa delege, wato wakilin unguwa. A waje yana ihun kowa daidai yake da kowa, a gida kuwa ko inuwar tabarmarsa ba ka isa ka taka ba. A wurinsa karatu shi ne abin da ake rerawa da ƙarfi har maƙwabta su ji. Shirun Yaya ya tsaya masa a wuya.

Wata Juma'a ya kira shi gaban dattawa a zaure, ya ce ko ya kawo hadda, ko ya bar lekol, wato makarantar boko, ya bi shanu.

Yaya ya durƙusa ya ce, "Baffa, wannan ba a haddace shi, ganewa ake. A Ingilishi, 'bayan sallah' guntun zance ne, babu aiki a cikinsa. 'Bayan liman ya sallame' kuwa akwai mai yi, akwai abin da ya yi."

Baffa ya dubi dattawa. "Kun ji ko? Duka biyun ba lokacin tafiya kara ba ne?"

Suka bushe da dariya, mutanen da ko sunansu ba su iya rubutawa da boko. Ina bayan labule, ji nake kamar in watsa musu ruwan wanke-wanke. Washegari Yaya ya bi shanu zuwa Godome. Ɗan Baffa kuwa, mai ƙwaƙwalwa kamar rariya, aka bar shi a aji saboda ya iya daka waƙar juyin juya hali.

Yau jikokin Baffa har Gana ake kai su neman Ingilishi, a gidan kuma ana cewa zuriyarmu ba ta taɓa yin mai kan boko ba. Da Baffa ya kwanta ciwon ajali, aka aiko in yafe masa. Na ce ba ni ya yi wa ba, su tambayi Yaya. Sun san sarai tuni muka binne shi.