Garin da Ban Taɓa Takawa Ba

Ta hanyar arewa, ƙafata ba ta taɓa wuce Gombi ba. Amma na rubuta littafi sukutum a kan wani ƙauye da ke kan duwatsun bayan Michika, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka koro mutanen can, Jimeta ta cika maƙil. Maƙwabciyata a Jambutu, wata nas, ta wayi gari danginta sun cika ɗaki biyu har baranda. Sai muka ba mahaifinta ɗakin zaurenmu. Siririn tsoho ne, manomi, zaman banza na ci masa rai. Kullum na dawo daga makarantar da nake koyarwa, zan tarar da shi a gindin darbejiya, kafin in ajiye jaka ya fara: "A garinmu..." Ni kuwa ga kwaɗayin labari, sai na ɗauki biro.

A taronmu na marubuta wani ya ce min wanda bai taka wuri ba, ƙarya kawai zai shara, gani ya kori ji. Na ce to madalla, ya samo min direban da zai kai ni. Na yi nasara a baki, amma maganar ta tsaya min a rai, don abin da nake tsoro ke nan: mutum an ƙone masa gari, ni kuma in zo in yi masa ƙarya a kan garin.

Kuma sai da na yi. Wata la'asar na karanta wa Baba babi na biyu, inda matar labarin take kwashe duwatsu daga gonarta tana watsarwa a kwari don ta sami wurin shuka. Ni 'yar bakin Binuwai ce, a wurinmu dutse a gona fitina ne. Baba ya yi dariya har da tari, sannan ya dube ni da irin Hausarsu ta can da ba ta raba mace da namiji.

"Malama, wannan mata naka mahaukaci ne?"

"Me ta yi, Baba?"

"Ya zubar da dutse! Ruwa ɗaya zai kwashe ƙasan ya kai wa mutanen kwari. Dutse ne yana riƙe gona."

Ya tashi da ƙyar ya nufi tulin yashin da magina suka bari a tsakar gida. Ya tsinto tsakuwa ya jera a jikin tulin hawa-hawa, manya a ƙasa, ƙanana na toshe kafa. Ya ce in zuba ruwa da buta. Na zuba, yashin bai motsa ba. Ya ce haka gonakinsu suke, kowace shekara kafin damina gida guda ke fita gyaran katangar dutse, kuma shi yana iya nuna wadda hannun kakansa ya ɗora.

Ranar na yaga babi ukun da na riga na rubuta. Daga nan ban ƙara wuce shafi ba sai Baba ya ji. Bai da sauƙi ko kaɗan. In na sa rumbu a inda ba a sa shi, sai ya juya min baya ya ce yau ba karatu.

Da hanya ta buɗe, ƙafafunsa sun riga sun gaza. A Jambutu ya rasu, bayan littafin ya fito. A zaman makoki 'yarsa ta riƙo hannuna ta ce in karanta babin gonar, mutanen garinsu sun zo. Na zauna da hijabina a tsakiyar matan zumunta na cocinsu, na karanta. Ba wanda ya yi dariya. Wasu na gyaɗa kai, wasu na share ido. An yabi rubutuna a wurare, amma ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba.

Da na rufe littafin, wata tsohuwa da ba ta san ni ba ta matso, ta ƙura min ido tana neman kama.

"'Yata," ta ce, "kai ɗiyan gidan waye a garinmu?"