Ranar da Na Ga Kaina a Jikin Bas a Aldwych

Shekarun baya, da ɗiyata ta tafi jami'a flat ɗin ya yi mini faɗi, sai na ce bari ni ma in yi abin da ban taɓa yi ba. Akwai wata Baturiya da muke aiki tare a asibiti a Camberwell, nan London, kullum tana ba mu labarin hutun da take zuwa a tsaunukan Alps, inda ake haɗa mutane a ba su ɗan jagora, su yi mako guda suna tafiya a ƙafa daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ni da ko escalator, matakalar lantarkin nan, ya lalace a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa sai na tsaya na yi jimami kafin in hau, ban san me ya shiga kaina ba, na yi booking.

Amma ba da ka na shiga abin ba. Sai da na kira kamfanin na gaya musu shekaruna, na ce ba ni da sauri, ina sa hijabi, kuma zan riƙa tsayawa salla. Matar da ta ɗauki wayar ta ce babu damuwa, tafiyar ta 'yan koyo ce, ba a barin kowa a baya. Duk sanyin shekarar nan na daina hawa lift, matakala nake bi ina haki maƙwabta suna tambaya ko lafiya.

Wurin kam Allah ya yi halitta. Ciyawa kore shar, shanu da ƙararrawa a wuya, dusar ƙanƙara can sama ga rana tana haskawa. Amma tun kwana na biyu na gane ɗan jagoran namu, wani matashi mai dogayen ƙafafu, da masu sauri yake yi. In na iso wurin hutu numfashina na fita da ƙyar, su sun gama hutawa, sai ya tafa hannu a tashi. In na shimfiɗa ɗankwali zan yi azahar, sai ya tsaya yana duban agogo yadda kowa zai gani. Lokaci ɗaya ne yake tunawa da ni, in za a ɗauki hoto. Nan ne zai ce in dawo gaba, wai launin hijabina ya dace da tsaunin. Ni kuwa sakarai sai in washe baki.

Ranar ƙarshe ce za a hau wuri mafi tsayi, wanda dominsa na yi duk wannan wahala. Muna karin kumallo, a gaban kowa, ya ce yana ganin gara in bi 'yar motar nan mai tafiya a jikin waya, in jira su a tashar tsakiyar dutse. Na tambaye shi ko hanyar tana da hatsari a gare ni. Ya ce a'a, amma sauran ma hutu suka zo, bai kamata a riƙa jiran mutum ɗaya ba. Akwai wani dattijon Bature a cikinmu wanda sau da yawa ni nake wuce shi a hanya. Shi ba a ce masa komai ba. Kowa a teburin nan ya duƙufa yana shafa bota.

Haka na yini a wani ɗan shagon shayi ina hangen su kamar tururuwa a jikin dutse. Da suka sauko, ya miƙo mini sandunan tafiyarsa, ya ce in tsaya bakin shingen can ya ɗauke ni, kada in koma gida babu abin tunawa. Hawaye nake dannewa, amma tarbiyya ta sa na yi murmushi.

Da na dawo London na kai ƙorafi, suka ba ni amsar nan tasu mai laushi wadda babu komai a cikinta. Na bar maganar.

Bayan wasu watanni ina tsaye a Aldwych ina jiran bas, sai ga wata ta taho da hoton mace a gefenta, ƙato, da hijabi ruwan goro, riƙe da sanduna, tsauni a bayanta. Na ce a raina wannan baiwar Allah ta yi kama da ni. Sai da bas ɗin ta tsaya a gabana na ga wushiryata. A ƙasa an rubuta da Turanci wai tsaunuka na kowa ne. Ban san lokacin da tawa bas ɗin ta zo ta wuce ba.

Kafin mako ya zagayo hoton ya kai Kano. Ɗiyata ta kira tana dariya da Turancinta wai na zama tauraruwa. Duk da haka da na haɗiye, ba don wata Hajiya 'yar Ghana mai sayar da atamfa a Peckham ba. Ta girme ni sosai, ga ciwon gwiwa. Bayan sallar Juma'a ta riƙo hannuna tana murna da Hausarta ta Ghana.

"Ƙanwata, na gan ka a bas. Tunda ka hau, ni ma za ni hau. Na gaya wa yara su yi mini booking."

Na dubi gwiwar nan tata, na tuna teburin karin kumallo, na ji kaina ya ɗau zafi.

Ranar Litinin na tafi ofishinsu a Marylebone. Manajan ya kawo mini shayi, ya ce ai lokacin booking na amince a yi amfani da hotuna, kuma hotona yana ƙarfafa wa mata irina gwiwa. Ya ce za su ba ni wata tafiyar kyauta. Na bar shi ya gama.

"Ka san yadda aka yi na kai wurin da aka ɗauki hoton nan?" na ce masa. "Kira ɗan jagoranku ka tambaye shi. Ina zaune."

Ya fita da waya. Da ya dawo bai iya haɗa ido da ni ba. Na ce masa sandunan da ke hannuna a hoton ma ba nawa ba ne. Kun kore ni daga tafiya saboda ina ɓata muku lokaci, yanzu kuma kuna yawo da fuskata a titi kuna kiran iyayenmu su zo a yi musu abin da aka yi mini. Tafiyar kyauta ku riƙe abarku, a cire hoton, in ba haka ba duk wanda ya tambaye ni zan ba shi labarin yadda yake.

An cire shi bayan 'yan makonni. Shi ɗan jagoran har yau bai ba ni haƙuri ba.

Na gaya wa Hajiya gaskiya, ta yi ta salati, ta hana yaranta yi mata booking. Shekarar da ta biyo baya, mu mata bakwai har da Hajiya muka haɗu muka nemi tamu jagorar, wata mata da ba ta tafiya sai a bayan kowa. Na kai sama. Hajiya ba ta kai ba, ta tsaya a rabin hanya ita da jagorar suna cin dabino, kuma har yau ita ta fi kowa ba da labarin tafiyar.

Mutane suna ce mini abu ya wuce, in manta. Ya wuce, amma raina bai daina ɓaci ba. Da ɗan jagoran ya ce mini ba zan iya ba ya tsaya nan, da na ɗauka raini ne irin wanda muka saba gani a ƙasar nan. Abin da ya tsaya mini shi ne, a wurinsu na isa a yi talla da ni, amma ban isa a jira ni in huta ba.