Masu Igwa Goma Sha Biyu na Mushe

Shagona na ɗaukar hoto yana bakin kasuwar Madarumfa, kuma yawancin aikina hoton katin shaida ne da na ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, masu shiga jarrabawa. Wata safiya cikin bazara ina goge gilashin kyamara sai talhona ya yi ƙara. Da na ji muryar ban san sa'ad da na miƙe tsaye ba. Tsohon malaminmu ne, wanda ya koya mini karatu da lissafi shekara uku a jere. Ya daɗe da ajiye aiki, amma har yau Mushe duk garin ke ce masa, yadda ake kiran malamin makaranta da Faransanci.

"Kai ne mai hoto?" in ji shi.

"Ni ne, Mushe. Ina kwana?"

"Lahiya lau. Ka taho gida gobe da sahe da kayan aikinka. Akwai waɗanda za ka ɗauka."

"Mutum nawa ne, Mushe?"

"Sun hi ɗari biyu," ya ce, ya kashe.

Na wuni ina tunanin wane irin taro ne wannan da ban ji labarinsa ba. Washegari na ɗaure kaya a bayan moto na tafi. Ƙofar gidan ba kowa. Matarsa, wadda muke kira Inna tun muna yara, tana tsakar gida tana tsince zogale. Da na tambaye ta ina mutanen, sai ta yi dariya ta nuna mini wani ɗaki.

"Suna ciki suna jiranka. Ba su da surutu."

A tsakiyar ɗakin akwai wani faffaɗan tabur da aka yi da tsohon ƙyaure. An shimfiɗa masa yashin bakin tafki an manne, an yi tuddai da yumɓu, itatuwa da waya da soson wanka da aka rina kore, shinge da tsiraran karan gero. A kan wannan ƙasa kuwa sojoji ne jere sahu-sahu, ba wanda ya kai ƙaramin yatsana tsawo. Wasu da shuɗiyar riga, wasu da ja, kowa da bindigarsa da hularsa. Na taɓa jin ana raɗe-raɗin wai Mushe yana ajiye ƴan gumaka a ɗaki, don haka na tsaya daga bakin ƙofa.

"Shigo mana," in ji shi. "Na san abin da ake hwaɗi cikin gari. Wasa ne, kamar dara, sai dai shi wanga yana da ƙa'idodi da yawa."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar muna aji. Wani Bature da suka koyar tare a Maradi lokacin samartakarsa ne ya nuna masa, da zai koma ƙasarsu ya bar masa akwati guda. Daga baya ɗan ƙanensa da ke Yamai yake aiko masa da sababbi, fari fat ba launi, shi kuma ya zauna ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan buroshi mai gashi kamar uku. Mutum biyu ke wasan. Ana auna tafiyar kowace runduna da ma'auni, a jefa ƴan ƙwayoyin nan masu ɗigo-ɗigo irin na lido don a san wanda harbinsa ya samu. Amma shi, in ji shi, fentin ya fi wasan daɗi. Ya ce sai ka fara da launi mai duhu, ka bi da mai haske a inda rana za ta taɓa, ido kuwa ɗigo ɗaya ne, in ka kuskure ka ɓata fuskar duka.

Sannan ya gaya mini dalilin kiran. Yana cikin wani zaure na talho tare da masu irin wannan sha'awa daga ƙasashe daban-daban, da Faransanci suke hira. Kowa in ya gama runduna sai ya sa hotonta a gani. Shi hotunansa na talho kullum dishi-dishi suke, har suna roƙonsa ya samo mai kyamarar kirki. Ga shi kuma yanar ido ta rufe masa ido biyu, ranar Talata ta sama za a yi masa aiki a na dama a Maradi.

"Ina so su gani tun ina iya jin daɗin abin da za su ce," in ji shi.

Ɗakin ba haske, sai muka fito da su ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida a kan faranti. Na saba da ɗaukar mutum in ce ya ɗaga haɓa, ban taɓa ɗaukar abin da in na yi atishawa zai faɗi ba. Na shimfiɗa farin ƙyalle, na kwanta rub da ciki a tabarma, na jingina kyamara a kan littafi. Gumi yana shiga mini ido, ga Mushe tsaye a kaina yana cewa in yi hankali da bakin bindiga, in kama ta gindi. A ƙarshe ya kawo wani kwali da kansa, ya buɗe a hankali. Sojoji goma sha biyu ne da igwa biyu.

"Waɗanga su ne na ƙarshe. Wata huɗu na yi a kansu. Ban taɓa yin aikin da ya kai su ba."

A ƙaramin gilashin kyamara, cikin hasken rana, ban lura da komai ba. Sai da na koma shago na zuba hotunan a ordinata, wato kwamfuta, na buɗe su da girma.

Na farko-farkon sun ba ni mamaki. Maɓallan riga kowane da ƙyallinsa, gashin baki, har da laka a takalmi. Ina ta murna har na iso kan masu igwa. Fuskar na farko ba fuska ba ce. Idonsa ɗaya yana kan kunci, ɗayan ya haɗe da hula. Jan ɗamara ya malale har hannu. Wani an bar rabin bayansa ba fenti sam. Na bi su duka goma sha biyun, ba wanda ya tsira. Na fara zargin kyamarata, amma ƙyallen da ke ƙarƙashinsu ya fito tar, har zarensa ana ƙirgawa. Mushe bai ga abin da hannunsa ya yi ba, kuma ni kaɗai na sani.

Gyaran fuska aikina ne na kullum. Ina share ƙuraje, ina cire tabo. Na ɗauki ɗaya daga cikinsu na yi rabin yini a kansa, na mai da ido wurinsa, na tsane jan. Ya yi kyau ƙwarai. Na daɗe ina kallonsa, sai na ji kunya ta kama ni, don wannan ba aikin Mushe ba ne, kuma da sunansa za a sa. Na rufe ordinatar.

Kullum da safe sai ya kira. Ranar farko na ce ana ɗauke kuran, wato wutar lantarki, wanda gaskiya ne. Ta biyu ma na ce kuran, wanda ba gaskiya ba ne. Abinci ya daina yi mini daɗi. Wata mata ta zo hoton katin shaida na ɗauke ta sau biyar ban ga idonta a rufe yake ba, sai ita ta nuna mini.

Ranar kasuwa Inna ta biyo ta shagon da kwandon kifi a hannu. Na ba ta kujera, na juya mata ordinatar. Ta matso ta duba, ta daɗe, sannan ta gyara mayafinta.

"Ai na sani, ɗana. Mutumin da ke zuba shayi gefen kofi, mi kake zato? Shi ne dai bai yarda ba."

"To Inna, yaya zan yi? Ya ce in sa su a zauren nan nasu."

"Kwana uku ke nan bai ci abin kirki ba. Wani abokinsa na Safo an yi mishi aikin nan bai dace ba, shi ke cikin ransa. Kada ka kai mishi abin da zai karya mishi zuciya kahin Talata. Bayan nan Allah Ya san yadda zai yi da mu."

Ranar Litinin da la'asar na je. Ya ba ni talhonsa, na zuba hotunan tsofaffin rundunonin, na haɗa da guda ɗaya na masu igwa wanda na ɗauka daga nesa. Ya kai talhon har kan hancinsa, ya kawar, ya miƙo mini.

"Karanta mini abin da suka ce."

Amsoshi suka yi ta shigowa. Wani ya yaba maɓallan, wani ya tambayi da me aka yi itatuwan, da na rubuta masa soson wanka ne ya aiko da dariya. Mushe yana ta murmushi yana gyara mini Faransancina. Can sai wani ya rubuta cewa yana son ganin masu igwa daga kusa. Na so in tsallake, amma Mushe ya ji na yi shiru.

"Mi ya ce?"

Na karanta masa.

"To aika mana."

"Mushe, waɗannan ba su fito ba. Hannuna ya motsa."

"Duka?"

"Duka, Mushe."

Ya juyo da fuskarsa wajena, irin juyin da na sani tun ina aji uku. Ya ce tun ina yaro haka nake, aikina yana kyau sai an zo ƙarshe in yi sakaci. Ya ce mafi kyawun abin da ya yi a rayuwarsa shi na ɓata. Na sunkuyar da kai na ba shi haƙuri. Inna tana bakin madafa, ba ta ɗago ba.

Na raka su Maradi. Muka zauna ni da Inna a benci a farfajiyar asibiti, tana jan carbi. A wannan zaman ne wani tunani ya zo mini wanda har yau nake jin nauyinsa. Na ce a raina, in idon ya buɗe zai ga masu igwa, ya gane na yi masa ƙarya. In bai buɗe ba kuwa, ba zai taɓa sani ba. Na kama kaina ina auna wanne ya fi mini sauƙi. Na tashi na je bakin famfo na wanke fuska ina istigfari.

Washegari aka cire bandejin. Ya ce yana ganin haske da inuwar mutane, likita ya ce a ba shi makonni, kada ya sunkuya, kada ya yi aikin da zai wahalar da idon. Inna ta kulle ɗakin sojojin ta ɗaura makullin a bakin zanenta. Mako uku ina zuwa gaishe shi, kullum da faɗuwar gaba. Ranar da ya ce mini rigata tana da tabon mai a aljihu, na yi masa barka, na fito na san saura masu igwa.

Bayan kwana biyu ya aiko in zo da ordinata. Na same shi ƙarƙashin bedin da baƙin tabarau a goshi, kwalin nan buɗe a gabansa, masu igwa jere a faranti.

"Buɗe mini hotunan da hannunka ya motsa," in ji shi.

Na buɗe. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan mai ido a kunci sai ya tsaya.

"Hoton ya hita sarai."

"Ya fita, Mushe."

"Ka tsaya na yi maka faɗa gaban matata a kan laihin da ba naka ba."

Inna ce ta amsa daga inda take, ta ce ita ta sa ni. Ya dube ta, ya dube ni. Sannan ya ce ba zai ce mun kyauta ba, ba zai kuma ce ba mu kyauta ba, don shi kansa bai san abin da zai yi ba da ya gani kafin Talatar nan. Ya miƙo mini talhonsa ya ce in aika duka goma sha biyun yadda suke, in rubuta cewa wannan aikin mutum ne da ya yi wata huɗu yana fenti bai san ba ya gani ba. Yatsana ya daɗe a kan maɓallin kafin in danna.

Amsar farko daga wani dattijo ta zo, ya ce shi hannunsa ke rawa yanzu, shekara biyu ke nan bai nuna wa kowa aikinsa ba. Wani ya ba da shawarar abin da za a jiƙa su a ciki fentin ya fita ba tare da sun lalace ba. Mushe ya sa na karanta masa ta dattijon sau biyu, ya ce in tambaye shi ko ya gwada jingina gwiwar hannu a kan tabur.

An yi masa aikin ido na hagu bayan kaka, amma wannan bai yi kyau kamar na farko ba. Da ido ɗaya yake fenti yanzu, kuma ya ce buroshin yakan sauka kafin ya zata, ko ya tsaya a iska bai taɓa komai ba. Soja ɗaya yakan ɗauke shi kwana goma. Duk wanda ya gama sai ya kira ni in ɗauka in buɗe masa da girma, kuma ya sa mini sharaɗi in fara faɗin abin da na gani da bakina kafin ya duba. Wani lokaci aikin yana kyau in faɗa da sauri. Wani lokaci kuma sai na yi gyaran murya sau biyu, shi ko yana zaune da hannu a kan idon hagu yana jira.